Wanda Ya Saki Tsanin

"Ƙara haske a nan," in ji Auta, yana dungurin allon kwamfutar da yatsa.

Mai gyaran bidiyon ya ƙara. Tsohon kaset ɗin bidiyo ne na ranar da Auta ya faɗo daga tsani yana yaro, ya samu ɗingishin da yake fama da shi har yau. Tun lokacin yake zargin da gangan Yayansa ya saki tsanin. Yayan kuwa bai taɓa musawa ba.

Hoton ya ɗan washe. Ga inuwar mutum a gindin tsani, ba a ganin fuska. Inuwar ta matsa, tsanin ya zame, Baba da ke ɗaukar bidiyon ya yar da kyamarar, allo ya yi baƙi.

"Ka gani ko? Mugu!"

"Dakata, malam. Akwai magana a ƙasan shuuu ɗin nan. Bari in tace."

Ƙarar ta lafa. Sai ga muryar marigayiya Mama, tana kuka ƙasa-ƙasa: "Na shiga uku! Juyawa kawai na yi. Kar ka gaya masa ni ce."

Wata siririyar murya ta amsa: "Daina kuka, Mama. Zan ce ni ne."