Rabin Cokali Don Ta Yi Shiru

Tun da mai jego ta dawo daga asibiti da 'yarta, duk takun da ta ji a bakin ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ɗaki ɗaya suke haya ita da mijinta, direban babbar mota, a saman wani tsohon bene. Asalinsa ma falo ne aka raba biyu da katako. Gadon jaririn da abokan aikinta suka saya mata bai samu wurin tsayawa ba, yana jingine a bayan ƙofa cikin kwalinsa. Bahon wanka yana kan kwaba, kunzugu a igiyar da ta ratsa saman gado, bulunboti da flas a bakin taga.

Uban yana kiran yarinyar Fasinja, wai ta shigo mota ba ta biya ba, kuma ta fi kowa ƙorafi. Ciwon ciki ne ke damunta. Da hantsi ya yi sai ta ɗauki kuka, ba ta saukewa sai wajen la'asar. A bayan katakon kuwa akwai wani ma'aikacin gidan burodi da ke kwana a bakin aiki, da rana yake barci. Da farko dukan katakon yake yi. Daga baya ya kai ƙara.

Wakilin mai gida ya zo ya tsaya a ƙofa, ko barka bai yi mata ba.

"Malama, ku biyu muka ba ɗakin nan. Akwai masu jiransa, kuma a shirye suke su ƙara kuɗi. In aka sake kawo mini ƙara, ku nemi wani wuri."

Ta san abin da neman wani wuri yake nufi. Da tsohon ciki ta zaga unguwanni kafin su samu wannan, kuma shi ma rabin abin da mijin yake samu yake cinyewa. Ta kira mijin yana kan hanya, ya ce ta lallaɓa har ya dawo.

Ta lallaɓa iyakar ƙarfinta. Ta goya, ta jijjiga, ta yi ta hawa da sauka a matakala har ƙafafunta suka kumbura. Ta rataya bargo a jikin katakon. Wata rana ta tsinci tafin hannunta a kan bakin yarinyar, ta janye da sauri.

A ranar ne wata mai kitso da ke hawan ƙasa, uwar 'ya'ya huɗu, ta gan ta zaune a matakala tana hawaye. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar maganin tari na manya.

"Ƙanwata, haka za ki kashe kanki? Rabin cokali kawai. Duk nawa da shi na raine su, ga su nan suna tsalle."

Mai jego ta ce yarinyar ai ba tari take yi ba. Mai kitso ta yi dariya, ta ce wa ya yi maganar tari?

Ranar farko da ta ba ta maganin, Fasinja ta yi barci har yamma, uwar ma ta runtsa. Ba a jima ba rabin cokali ya daina aiki, ya koma cokali guda. Tana bayarwa tana tsoro, amma tsoron ganin kayanta a titi ya fi yawa.

Sai aka sanar da cewa mai gidan da kansa zai zo duba gini. Da safen ta ba yarinyar cokali guda, kuka bai tsaya ba. Ta ji muryoyi a ƙasa suna hawowa, ta ƙara mata wani. Mai gida ya leƙo, ya ga jaririya kwance lamo, ya ce ashe ma ba ta da rigima, ya wuce.

Da suka tafi ta ɗauke ta don ta ba ta nono. Ba ta kama ba. Wuyanta ya langaɓe, leɓɓanta sun yi duhu, numfashin sai an kasa kunne. Ta girgiza ta, ta hura mata iska a fuska, ta kira ta, babu motsi.

Ihunta ne ya fito da mai burodi ba ko takalmi. Shi ya karɓi yarinyar ya sauka da gudu, ya tare mota a tsakiyar titi.

A asibiti likita ta tambaye ta abin da aka ba jaririyar. Ta ce maganin tari ne na manya. Likitar ta ce irin wannan magani yana danne numfashin jariri, kuma ƙwaƙwalwar yarinyar ta daɗe ba ta samu isasshiyar iska ba. Sun ceto ranta, amma ba za su yi alkawarin za ta zauna ko ta yi tafiya kamar sauran yara ba.

Mai kitso ta rantse ba ta ce a ƙara ba. Mai burodi ya zauna a benci ya haɗa kai da gwiwa, yana cewa da ya sani da auduga ya nema ya toshe kunnensa. Uban ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ya tsaya a kan 'yarsa da roba a hancinta, ya miƙa mata yatsa. Ba ta riƙe ba.

Iyaye mata, kada a ba jariri wani magani don ya yi barci, komai matsi, sai wanda likita ya rubuta masa. Ku kuma masu gidaje da maƙwabta, ku ji tsoron Allah: barazanar kora ga mai jego tana iya tura ta ga abin da ba ya gyaruwa.