Aladun da Suka Ƙi Mutuwa

Sale, Tombiya, Mone, 'ya'yana, ku ajiye wayoyin nan ku zauna. Ban kirawo ku daga garin Mendi don ku ci gasasshen dankali ba. Ranar Asabar za a zauna a kan Nawe, matar marigayi ƙanin ubanku, kuma ubanku ne alƙalin ƙauye.

Kwana tara ke nan ubanku Pundiya bai gama cin abinci a zaune ba. Ya gutsiri dankali, ya miƙe, ya zagaya garken da babu komai a ciki, ya ɗaure ƙyaure, ya dawo ya kwance shi. Aladu goma sha biyu ya binne da hannunsa a wata guda. Kowa ma ya binne nasa. Zazzabin aladu ne: kunne ya yi ja, alade ya ƙi ci, kwana uku sai rami. An fasa aure huɗu, don da alade ake biyan sadaki. Sulhun da za a yi da mutanen ƙetaren rafi an ɗage shi, don ba a zuwa sulhu ba alade.

Garke ɗaya ya rage yana gurnani a duk kwarin nan, na Nawe. Su biyar, sai ƙiba suke yi.

Tun kafin zazzabin ya iso, wata likitar dabbobi ta zo da akwatin sanyi, tana neman aladun da za a gwada sabuwar allurar rigakafi a kansu. Mace ce mai gaskiya, kuma gaskiyar ce ta kayar da ita. Pundiya ya tambaye ta a gaban jama'a me ke cikin kwalbar.

"Cutar ce, Baba, amma an karya lagonta."

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Pundiya. "Mahaukacin kare za ta sakar mana a garke, wai ta cire masa haƙori ɗaya."

Aka kwashe da dariya, aka raka ta har mota. Ta koma tashar aikin gona ta bayan dutse, tafiyar rabin yini, ta kafa teburinta a can. Nawe ba ta ma ga taron ba. Tana asibitin Mendi sati biyu wajen 'yarta mai haihuwa, ta bar aladunta a hannun wan mijinta kamar yadda aka saba.

Da mutuwa ta gama share garake, sai magana ta tashi a bakin rafi. Me take ba su? Wata ta ce ba abinci ba ne, ran aladunmu take ba su. Wani ya leƙa ta shinge ya ga kowanne da 'yar huda a kunnen hagu, wuri ɗaya sak. Shi ke nan, ta nan take hura musu. Kafin Lahadi an kira sunan abin: maita. Kun san yadda aka yi da matar nan ta ƙauyen sama da aka ce mayya ce, da ƙarfen da aka gasa a wuta, ba sai na maimaita ba.

Pundiya ya shiga zirga-zirga. Ya je wajen fasto, fasto ya ce a yi addu'a, kuma shi zai yi tafiya ranar Juma'a. Ya je wajen mazan da ke wasa adda a gindin itace, Kiluwa babbansu ya tofar da jan yawun buwai, goron da suke taunawa, ya dube shi.

"Tsoho, bara ba kai ne aladiyar Nawe ta tone wa gona ba, matar ta yi maka dariya a gaban kasuwa? Yau kai ne lauyanta? Matso in duba, ko kai ma ta huda maka kunne."

Mutane suka ce Pundiya mutum ne mai farar zuciya, ba ya riƙo.

Ya je wajen Nawe sau uku a yini ɗaya. Ya ce ta gudu Mendi, ta ƙi. Ya ce ta yanka su a raba wa gari nama, ta tsaya a bakin garke da sandar tonon dankali.

"Yaya, babbar nan da nonona na shayar da ita da uwarta ta mutu. Wa zai yanka ta? Ban san abin da ya hana su mutuwa ba, na rantse da kabarin ƙaninka. Kai da ka riƙe mini su, ba ka ga komai ba?"

Ya ce bai ga komai ba. Ya fita, ya manta hularsa, bai koma ɗauka ba.

Jiya da hantsi na same shi tsugune a garkenmu. Ni ban iya lallashi ba. Na ce ko ya buɗe baki ko in tara masa 'ya'yansa. Ya buɗe. Kwana biyu bayan an kori likitar, shi ya kora aladun Nawe ta bayan dutse har tashar gona. Ya ce nasa ne, aka yi musu allura, aka maƙala musu lamba a kunne. A hanyar dawowa ya cire lambobin da wuƙa.

Na ga fuskarki, Mone. Kina cewa ai shi ke nan, ya miƙe ranar Asabar ya faɗa, Nawe ta tsira. Haka ne. Sai dai mutanen da suka binne dukiyarsu a kan maganarsa za su yi masa tambayar da na yi masa: me ya hana shi kai nasa goma sha biyu?

Ku ne za ku ɗauki sunansa ku zauna a kwarin nan bayanmu, don haka ku yanke yau: ya faɗa, ko ya yi shiru. Amma ku yanke kuna sane da amsar da ya ba ni. Ubanku bai yi wa garin nan ƙarya ba, ya yarda da duk abin da ya ce a kan kwalbar nan, ya kai aladun Nawe ne don su mutu.