Sa Hannun Baba

Da aka kira 'yarsa ta zo ta ɗaya, uban ya riga ta hawa dandamali, ya fizge makirufo.

"Iyaye, ku ji tsoron Allah! Ni kullum sai na duba aikinta kafin in sa hannu."

Aka yi ta tafi. Shugabar makaranta ta miƙa masa takardar karɓar kyauta, ya zana sa hannu mai jela har biyu. Ta duba, ta buɗe littattafan yarinyar na shekara uku, ta sake dubawa.

"Malam, yi haƙuri. Wannan ba sa hannun mahaifinta ba ne."

Can bakin ƙofa, tsoho mai gadin makarantar ya sunkuyar da kai, ya tura bironsa cikin aljihu.