Oga Mai Tafiya a Kan Takarda

Ko rantsuwa nawa na yi ba za ku yarda ba, amma wallahi Tsinke masinja, mutumin da ko gobara ba ta sa shi gudu, ranar nan da rarrafe aka same shi a bayan injin fotokwafi, hannu cikin ƙura, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Damin takardun babu shi.

Tsinke a aji biyu ya yi sallama da sakandare, amma in an zo maganar biro, duk mai digiri ya ja da baya. Shi ya gano cewa ƙananan takardun nan rawaya masu mannewa, in ka yi zane a kowacce kana ɗan gusa shi, ka kama gefen da babban yatsa ka saki firrr, sai hoton ya motsa. Wa zai fara zanawa in ba Oga ba? Oga ya fito mota, ya tako da tumbinsa, ya zauna a kujerar nan mai juyawa, kujerar ta wulwula shi ta watsar ta taga.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Direba ya karɓi tayoyi, yana zagaye murfin kwalba da fensir. Akawu yana manna sabuwar takarda kan tsohuwa a gilashin taga, hasken rana ya nuna masa inda zai bi. In an tashi, a ɗaure da roba a cusa bayan injin.

Sai wani hannu na huɗu ya shigo. Kullum da safe Tsinke zai tarar an bi aikin jiya da siririn fensir, an gyara takun ƙafa, an saka yadda Oga ke jan wandonsa sama kafin ya zauna. Tafiyar ta koma sumul. Tumbin ma an ɗan rage shi, an yafa 'yan gashi a kan sanƙon.

"Hannun mace ne," in ji Tsinke. "Dubi tausayi."

Mace ɗaya ce a benen ofishin, Sakatariya. Daga nan ya fara bar mata saƙon soyayya a takardar ƙarshe. Ba a taɓa ba shi amsa ba, ba a kuma daina gyaran ba, shi kuwa ya ce kunya ce. Jiya ya rufe ido ya rubuta cewa ƙarshen mako zai turo yayansa gidansu neman aure.

Yau kuma dami ya ɓace, shafi ɗari da arba'in, ga fuskar Oga a kowanne, ga rubutun Tsinke a ƙasa.

Ya zazzage kwandon shara. Ya bi mai shara har bakin titi ya kwance masa buhu. Ya tare Direba a gindin mota.

"Ni tayoyi kawai na yi," Direba ya ce. "Taya kuma ba ta da fuska."

Akawu ko ɗagowa bai yi ba. "Wane dami? Malam, ban san ka ba."

Tsinke ya jingina da bango. Yayansa ne ya yi sawu bakwai kafin a ɗauke shi aikin nan, ya kuma faɗa masa a gaban mahaifiyarsu cewa wannan ce ƙofa ta ƙarshe. Wanda ba shi da takardar shaida ko ɗaya, in ya fita nan ina zai nufa?

Sakatariya ta leƙo. "Oga na kira." Fuskarta ko gezau. Tsinke ya ce a ransa, baiwar Allah, dubi yadda take daurewa.

Damin na kan tebur. Oga ya kama gefen ya saki, firrr, ya kalli kansa yana fita ta taga. Ya sake. Sau uku yana fita ta taga.

Tsinke ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Ranka ya daɗe, ba kai ba ne. Wani kawuna ne, kama ce kawai."

"Kawunka na da lambar motata?"

"Sharrin shaiɗan ne, yallaɓai. Mahaifiyata hawan jini gare ta, in ta ji an kore ni..."

"Ku nawa ne?"

Tsinke ya auna abin a ransa. Direba da Akawu dai ko oho, da zai miƙa su da hannu biyu. Amma in aka fara lissafi, sai an kai kan mai siririn fensir.

"Ni kaɗai ne."

"Ƙarya kake. Wannan takun ƙafar ba hannunka ba ne. Kai ƙafa kake zanawa kamar taɓarya."

"To yallaɓai, ka kore ni. Na roƙe ka, ni ka kora, ita ka bar ta. Ni na ja ta. Ba ta taɓa ce min komai ba, kuma Allah ya gani, kullum ƙoƙarin rage maka tumbi take."

Oga ya tura masa damin.

"Ba zan kore ka ba. Banɗakunan benen nan duka naka ne, wata guda, safe da yamma. In ka gama ka sake min shafi talatin na ƙarshe, faɗuwar ta yi sauri."

Tsinke ya miƙe, yana jero godiya da baya da baya. Har ya kama mariƙin ƙofa.

"Tsinke."

"Ranka ya daɗe."

"Ka ce wa yayanka kada ya wahalar da kansa, ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma wata biyu ke nan ina haƙuri kana ce min tauraruwata."