Takalman Barewa

Ranar da na fara wanki a sansanin 'yan tsere, ban daɗe da fita takaba ba, yarinya ɗaya ce ta lura hannuna ya tsattsage. Ta ajiye mini man shafawarta ta wuce. Barewa suke ce mata.

Da gwiwarta ta lalace, a ɗakin wankina take ɓuya tana ɗora ƙanƙara, kada mai horar da su ya gani ya cire ta daga gasa. Shekara takwas tana jiran gasar nan, saura wata guda.

Rannan da hantsi mai yi musu tausa, wanda ke neman aurenta, ya same mu. Ya daɗe yana kallon kumburin.

"Barewa, in kika yi gudun nan, da sanda za ki ƙarasa rayuwarki. Ki haƙura. Gobe in turo magabatana."

"Sai ka auri gurguwa, ka huta da bin ta a guje," ta ce tana dariya, idonta ya ciko.

"Ba wasa nake ba. Ki ce to."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta juyo ta dube ni. Takalman gudunta da nake gogewa suna kan cinyata. Na san daɗin miji, na san rashinsa, na kuma ga gwiwar nan. Na ambaci Allah na miƙa mata su. Tun bara ta ɗaure ni da alkawari: "Inna, duk ranar da kika ga zan ce masa to kafin gasar, ki miƙo mini takalmana."