Rabon Uwar Ƙasa

"Ko ɗigo ba su rage ba!" Wilfredo ya buga ƙirji, yana duban kofunan baƙinsa. Giyar da ya dafa a madafar matarsa, ya ɗura a kwalabe, ta ƙare ƙaf. "Gobe zan sayar da tasi, in buɗe kamfani."

Surukinsa, Don Zenobio, ya yi tsaki. "Mai kamfani, dubi ƙasa."

Tsakar gida ta zama kududdufi. A Cochabamba, kowa kan ɗiga wa Uwar Ƙasa kaɗan daga abin shansa a ƙasa kafin ya sha. Yau kowa ya juye mata kofinsa duka.

"Ai tsabar ibada ce, Baba," in ji Wilfredo.

"Ibada? To, ga shi ita ma ta ƙi haɗiyewa."