Murmushin Takaba

Kwana tara da rasuwar Malam Tanimu, matarsa Uwale ta kunna kwamfutar gidan don ta ciro hotunansa. Shekara bakwai ke nan da kamfanin da ya yi manhajar kwamfutar ya kafa doka: na'ura ba ta buɗewa sai ka kalli talla ka yi mata murmushi.

Tallar yau maza uku ce, kowanne da shekarunsa da sana'arsa. Muryar na'urar ta ce, "Mun ji rashin da kika yi. Zaɓi ɗaya, sannan ki yi murmushi."

"Tir!" Uwale ta kife allon. "Ina cikin takaba ake jero min zawarawa? Ko sadakar arba'in ba a yi ba!"

Ƙanwarta Saude, mai gyaran kwamfuta, ta zaro filashi, ɗan abin adana bayanai, daga jaka. "Yaya, tun bara nake cewa ku rabu da wannan ƙazantar. Ga manhajar da jama'a suka haɗu suka rubuta. Ba ta kowa ba ce, kuma ba ta leƙen fuskar kowa."

"Wanke ta tas. Hotunansa kawai za ki bar min."

Bayan la'asar Saude ta gama ɗora sabuwar manhajar, ta kunna. Ba talla, ba murya, sai hoton Malam yana alwala a tsakar gida.

"Yaya," Saude ta ce a hankali, "yanzu ba sai kin yi murmushin ba."

Uwale ta taɓa bakinta. Haƙoranta a waje suke tun kafin allon ya kawo haske. Ta sa gefen mayafi ta goge bakin da ƙarfi, kamar wadda ta tauna ruɓaɓɓen abu.